Wa Ya Buɗe wa Ɓarna Ƙofa a Gidan Alhaji Lawandi?

An ce wai a garin Ɗambatta an yi wani alƙali mai suna Malam Ma'arufu, wanda ya ajiye aiki amma shari'a ta ƙi ajiye shi. Ya bar kotu ya koma zaurensa ya shimfiɗa buzu, sai mutane suka biyo shi har can da rigingimun da suke jin kunyar kaiwa gaban hukuma. Mutum ne mai jinkirin magana da saurin lura. Tun lokacin da aka kawo kwamfuta kotuna ya zauna da furfurarsa ya koye ta, don a cewarsa duk abin da ya shiga gidajen mutane, wata rana sai ya zo gaban alƙali.

A garin kuma akwai wani attajirin hatsi, Alhaji Lawandi, dattijo mai tsare mutuncinsa, mai saurin fushi idan an taɓa sunan gidansa. Matarsa Hajiya Gambo ta rasu ba da daɗewa ba, kuma tun daga ranar ba a ambaci sunanta a gabansa bai tsaya ya yi mata addu'a ba. Yana zaune da ɗansa Sagiru da matar ɗan, Rumasa'u, wadda ke karatun aikin jinya ta intanet. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, a falo take, kowa yana zama a gabanta.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya taho da abokansa su ci abinci, ya kuma nuna musu hotunan aikin hajjin da ya yi da marigayiya. Sagiru ya ja kujera ya taɓa linzamin kwamfutar. Shafin karatun Rumasa'u ne a buɗe, da sunanta ɓaro-ɓaro a sama. Kafin ya rufe shi, sai wani hoto ya faɗo bisa allon, hoton wani ƙato ba riga, da rubutu a ƙasa wai yana nan kusa yana jira. Sagiru ya rufe, wasu biyu suka fito, waɗanda suka fi na farkon muni. Ya rufe su, allon ya cika. Kai jama'a! Abin da dattawan nan suka gani a wannan rana bai kamata baki ya maimaita shi ba. Wani ya kau da kai yana salati, wani ya laluɓi takalmansa, aka bar tuwo ko taɓa shi ba a yi ba.

Alhaji Lawandi bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ban tsoro. Ya kira ɗansa ya ce, "Wa ke wuni a gaban wannan abu in ba matarka ba? Sunan wa muka gani a kai? Na yi shekaru ina gina sunan gidan nan, an rushe shi a gaban abokaina kafin tuwo ya huce. Ka ba ta takardarta ta tafi gidansu."

Sagiru ya durƙusa. Bai taɓa yi wa mahaifinsa musu ba, kuma bai taɓa ganin wani abin zargi wajen matarsa ba. Ya ce, "Baba, ba zan saɓa maka ba. Amma don Allah ka bari mu je wajen Malam Ma'arufu tukuna. Abin da ya yanke, na ɗauka."

Alhaji ya ce, "Mu je. Amma ta haɗa kayanta kafin mu tafi."

Ka san halin gari. Kafin la'asar maganar ta riga ta shiga gidaje, kowa yana ƙara mata gishiri. Maƙwabciyar da ta saba aiko wa Rumasa'u da ɗanɗanon miya ta daina amsa gaisuwarta. Mahaifiyarta ta bugo waya tana kuka, tana tambayar ko gaskiya ne abin da take ji. Kwamfutar kuwa tana can a falo tana huci ita kaɗai, ta yi zafi, ƙaramar fitilar da ke kusa da kyamararta tana kunna kanta ba wanda ya taɓa ta. Rumasa'u ta ga fitilar, ta samo filasta ta liƙe idon kyamarar, don ba ta san ko wane ne yake kallon tsakar gidansu daga wata uwa duniya ba. Sannan ta koma ɗaki ta zauna kusa da akwatinta.

Da suka isa zauren alƙali su uku, har da Rumasa'u, Alhaji ya zayyana abin da ya faru. Malam Ma'arufu ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi Sagiru ya ce, "Kafin a yi maganar mai laifi, a fara tsai da ɓarna. Ka koma yanzu ka raba kwamfutar nan da intanet, ka kashe ta. Idan ka ga wata lambar waya a allon wai a kira a gyara muku, kada ka kira, masu cutar ne suka sa ta. Duk wata kalmar sirri da kuka taɓa rubutawa a cikinta, ta banki ko ta makaranta, ku canza ta daga wayarku tun yau."

Sagiru ya fita da sauri. Alƙali ya juya ga Alhaji ya ce, "Alhaji, ka sani fitowar hoto a allo ba shaida ba ce cewa wani ya neme shi. Akwai muguwar manhaja da ake ɓoyewa a bayan talla. In ta samu shiga, ita ke jefo waɗannan ƙazantar ga duk wanda ya zauna, babba ko yaro. Yawancinta kuma ba ta haura katanga, daga ciki ake buɗe mata. Tambayata ita ce, wa ya buɗe, kuma da wace sallama ta zo masa. Su wa ke amfani da kwamfutar?"

Alhaji ya ce, "Shi da ita."

"Kai fa?"

"Ni? Allah Ya gafarta Malam, ni ina ruwana da ita? Da safe dai nakan saurari karatu, in dubi hotunan mai ɗakina, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Wannan ai ba amfani da kwamfuta ba ne."

Alƙali ya ce amin, bai ƙara komai a kan wannan ba. Ya dubi Rumasa'u da ke durƙushe a gefe, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Ya ce, "'Yata, ke kika jawo wannan abu?"

Ta ce, "Wallahi ban yi ba, Allah Ya gafarta Malam."

"To kin san yadda aka yi ya shigo?"

Ta yi shiru. Ya sake tambaya, ta ƙara sunkuyar da kai. Alhaji ya yi tsaki ya ce, "Ka gani ko? Mai gaskiya ai ba ya rasa bakin magana."

Amma alƙali ya daɗe yana sauraron shirun mutane, ya san wannan ba shirun mai laifi ba ne. Matar da ta rantse da ƙarfi cewa ba ta yi ba, sannan ta kasa cewa ba ta sani ba, to ta sani. Kuma mutum ɗaya ne a duniya wanda matar ɗa ba za ta iya buɗe baki ta nuna shi ba, ko sunansa ma ba ta kamawa: surukinta. Nan hankalin Malam Ma'arufu ya tashi ƙwarai. Idan ya fito fili ya ce da dattijo kai ne, ba shi da hujja sai zato, Alhaji zai fusata ya tashi, kuma auren ya mutu a nan take. Idan ma ya samu hujjar ya tona shi a gaban ɗansa da surukarsa, ya karya dattijon da bai yi nufin sharri ba, kuma gidan ba zai sake zaunuwa daɗi ba. Idan kuwa ya yi shiru don girman furfura, za a kori baiwar Allah da baƙin sunan da zai bi ta har gidan ubanta. Ya ce musu su dawo gobe da hantsi, kada kowa ya rubuta komai, kada kowa ya fita da akwati.

Da suka tafi ya ɗauko tasa kwamfutar, ya cire ta daga intanet, ya zauna yana haɗa wasu shafuka irin waɗanda ake haɗawa don nuna hotuna a taro. Ya sa shafin wani littafi, ya shirya akwatuna uku na talla da za su riƙa faɗowa a kansa ɗaya bayan ɗaya. Babu cuta a cikinsu, kama ce kawai. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, don ya san in dabarar ta ƙi ci, ba shi da wata.

Washegari ya sa suka zauna a waje, yana kiran su ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Idona ya gaji, taimaka ka karanta mini shafin nan kafin mu fara."

Sagiru ya fara. Yana cikin karatu akwati ya faɗo, wai ya ci kyautar sabuwar waya, ya danna ya karɓa. Ya rufe shi. Na biyu ya fito da jan rubutu, wai kwamfutar ta kamu da cuta, a danna a wanke ta. Ya ɗan yi jim, ya dubi alƙali, sannan ya rufe. Na uku ya fito da koren launi da hoton tasbaha, an rubuta: "Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Danna nan ka ce amin." Sagiru ya ce amin da bakinsa, ya rufe ya ci gaba da karatu.

Rumasa'u ta shigo. Da akwatin farko ya faɗo sai ta ɗage hannunta daga linzamin ta ce, "Allah Ya gafarta Malam, irin waɗannan ko alamar rufewar da ke jikinsu ba a yarda da ita. Shafin ake rufewa gaba ɗaya." Ya ce ta bar shi ta ci gaba. Na biyu ya zo, ba ta kula shi ba. Da na uku ya fito, muryarta ta tsaya cak. Ta ƙura wa koren akwatin ido, hawaye suka zubo mata.

Alƙali ya ce, "Kin taɓa ganin irinsa."

Ta ce, "Don girman Allah, Malam, kada ka tambaye ni."

Ya ce, "Ba zan tambaye ki ba. Tashi ki je."

Sai Alhaji Lawandi ya shigo yana gyara babbar riga, ya zauna ya sa tabarau. Akwatin kyauta ya faɗo, ya yi dariya ya ce, "Ni za a yi wa wannan? Na tsufa a kasuwar hatsi, ban taɓa ganin wanda ya ba da buhu a banza ba." Na jan rubutu ya zo, ya ce, "Maƙaryata, masu tsorata mutane." Alƙali ya fara tunanin ko ya zalunci dattijo da zato. Sai koren akwatin ya fito. Fuskar Alhaji ta yi laushi, ya ce, "Amin, amin ya Rabbi," kuma kafin ya rufe baki yatsansa ya riga ya danna.

Allon ya yi baƙi, kalmomi uku suka bayyana a tsakiyarsa: "An buɗe ƙofa."

Alhaji ya ce, "Mene ne wannan kuma?"

Alƙali ya ce, "Ka taɓa ganin irin wannan addu'ar a kwamfutar gidanka?"

"Sau da yawa. In ina sauraron karatu takan fito a gefe."

"In ka danna fa?"

"Sai ta tambaye ni ko na yarda a sauke mini littafin addu'o'i, in ce na yarda. Wani lokaci kwamfutar takan yi gardama, ta fito da wani gargaɗi, sai in ce mata ta bari. Wa zai ga ana yi wa mamatansa addu'a ya wuce? Ai Hajiya tana cikin..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi baƙin allon, ya dubi alƙali, ya cire tabarau a hankali. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne?"

Malam Ma'arufu ya ce, "Alhaji, masu wannan sana'a ba su da sallama ɗaya. Mai kwaɗayi suna zuwa masa da kyauta, matsoraci suna zuwa masa da barazana. Kai ba ka da kwaɗayi kuma ba ka da tsoro, shi ya sa suka zo maka da sunan mamatanka. Niyyarka tana wajen Allah, ba abin da ya taɓa ta. Amma yarinyar nan ita ke kawo maka kunu da safe kana gaban kwamfutar, kuma na tabbata ta ga koren akwatin nan a gabanka. Jiya na tambaye ta sau biyu, yau ma na ba ta hanya. Ta zaɓi ta koma gidan ubanta da sunan da ka sa mata, da ta ɗaga ido ta ce Baba ne."

Dattijo ya rufe fuska da hannun riga. Sannan ya ce, "Da wane ido zan dube ta? Da wane baki zan gaya wa waɗanda na tara a falona?"

Alƙali ya ce, "A gaban mutanen da aka ɓata ta, a gabansu za a wanke ta, wannan ba makawa. Amma ka bar mini yadda za a yi. Ka kira su bayan la'asar."

Bayan la'asar zauren ya cika, abokan Alhaji da wasu dattawan unguwa, har da waɗanda ba a gayyata ba, irin masu zuwa don su samu abin faɗa. Rumasa'u tana daga bayan ƙofa tare da mahaifiyarta. Sagiru ya kasa zama wuri ɗaya. Malam Ma'arufu ya gyara zama, ya ɗaga hannu kamar mai buɗe taro, ya ce, "Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya."

Zauren duka ya amsa da murya ɗaya, "Amin!"

Ya sauke hannu ya ce, "To, kun ji yadda aka buɗe ƙofar. Ban roƙe ku ba, ban tilasta ku ba, ba wanda ya tsaya ya tambaye ni dalili, kuka amsa gaba ɗayanku. Waɗansu marasa tsoron Allah ne suka rubuta wannan addu'ar a jikin talla, suka ɓoye muguwar manhaja a bayanta, suka ce a danna a ce amin. Wani mai imani a gidan Alhaji ya danna, cutar ta shiga, ita ce ta jefo ƙazantar da kuka gani. Na gwada matar Sagiru da idona, ita ce ma ta fi kowa a gidan sanin yadda ake kauce wa tarkon. Ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra, aurenta yana nan daram, kuma wanda ya ƙara ɗaukar maganarta a baki ya sani ƙazafi yake yi. Laifin yana wuyan wanda ya sa wa ɓarna rigar addu'a. Wanda ya danna kuwa ba zan ambace shi ba, don yanzun nan kuka nuna mini cewa da kowane ɗayanku ne a kujerar, da shi ne."

Wani tsoho a gefe ya laluba aljihu ya taɓa wayarsa, ya ce a hankali, "Wallahi ni ma ina dannawa." Aka ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Alƙali ya riga ya rufa wa Alhaji asiri, da ya yi shiru da ba wanda zai sani. Amma dattijon ya dafa ƙasa ya miƙe, ya juya wajen ƙofar da surukarsa take, ya ce, "Malam ya sakaya, ni ba zan sakaya ba. Ni na danna. 'Yar nan ta sani, ta rufe ni, ni kuwa na tona ta a kan abin da ba ta yi ba. Rumasa'u, 'yata, ki yafe mini."

Daga bayan ƙofa aka ji kuka, sannan ƙaramar murya ta ce, "Ba ka yi mini komai ba, Baba."

Malam Ma'arufu ya bari zukata suka lafa, sannan ya ce, "Saura hukuncin kwamfutar. A kai ta wajen mai gyara amintacce ya wanke ta tas, ya sa mata manhajar tsaro da ta tare tallace-tallace, a kuma riƙa sabunta su duk lokacin da suka nema. Hotunan Hajiya da karatun yarinyar nan a kwafe su a ajiye a wani wuri daban. Kowa a buɗe masa nasa ɓangaren, amma mabuɗin da ake sauke sabon abu da shi, kalmar sirrinsa tana hannun Rumasa'u ita kaɗai. Wanda duk ya ga wani akwati ya faɗo, ko da sunan wa ya zo, ya ɗage hannunsa ya kira ta."

Haka kuwa aka yi. An ce bayan wannan, da safe akan ji Alhaji Lawandi, mutumin da fatake ke durƙusa wa a kasuwa, yana kira daga falo: "'Yata, zo ki gani, wani abu ya fito." Sai ta ajiye kwanon kunu ta duba ta ce, "Addu'a ce, Baba, irin waccan." Sai ya naɗe hannayensa a ƙirji, ya ce amin da bakinsa, ita kuma ta rufe shafin.

Masu hankali suka ce, mai cuta ba ya ƙwanƙwasa ƙofar da ka sa wa sakata, ta wajen abin da ka fi ƙauna yake yi maka sallama. Saboda haka baƙon da ya zo maka da abin da ba ka iya ƙi, shi ya fi cancanta ka tsaya ka tambaye shi wa ya aiko shi, kuma kafin ka nuna wani da yatsa, ka tuna abin da yatsan ya taɓa.